Wa Muke So Ya Riƙe Makullin Gidan Yari?

Makon jiya ɗan yayata ya shigo wurina da takarda a hannu, fuskarsa ba yabo ba fallasa. An ɗauke shi aikin gandiroba. Yaro ne da ya karanci halayyar ɗan Adam a jami'a, kuma shi ya nemi aikin da ƙafarsa, ba wanda ya tura shi. Na karɓi takardar na karanta, na miƙa masa hannu na ce barka. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Kawu, ka san kai ne mutum na farko da ya ce mini barka?"

Na tambaye shi, to sauran me suka ce? Wani ya ce ya lallaɓa da shi kafin Allah Ya kawo na kirki. Wata ta ce, "Duk wannan karatun naka, a gadin ɓarayi za ka ƙare?" Wani abokinsa kuwa cewa ya yi ai gandiroba ma fursuna ne, bambancin kawai shi ana barinsa ya je gida ya kwana. Mahaifiyarsa ba ta ce uffan ba, amma ya ga idonta ya ciko.

Maganar ta tsaya mini a rai. Da aikin banki ya samu, da gidan ya cika da 'yan taya murna.

Ga matsayata tun daga farko. Aikin gidan yari, da aikin sa ido kan masu ɗaurin talala, wato masu laifin da kotu ta bari a waje bisa sharaɗi, da aikin gyaran halin masu laifi, suna cikin ayyukan da suka fi cancantar a zuba musu haziƙan matasa, a horar da su sosai, a biya su da kyau. Rainin da muke yi wa waɗannan ayyuka kuwa mu yake komowa, a dukiyarmu, wani lokaci har a jininmu. Ban ce aikin daɗi ne ba. Zan zo kan wahalarsa, kuma ba zan rage komai ba.

Kusan duk wanda ke ciki zai fito

Mutane suna ɗaukar gidan yari kamar rijiya, a jefa mugu a rufe, an huta. Alhali ƙofar da aka shiga ta nan ake fitowa. In ka cire 'yan tsirarun da za su mutu a tsare, duk sauran suna da ranar fita. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna mutum fiye da miliyan 11 ne ke tsare a gidajen yari a faɗin duniya, kuma kusan kashi ɗaya cikin uku ba a ma yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke yi.

Wanda aka ɗaure shekara uku yau, bayan shekara ukun zai hau mota ɗaya da kai, zai nemi haya a layinku, wataƙila ɗansa da ɗanka su zauna a benci ɗaya a makaranta. Abin da ya kamata ya dame ka shi ne wane irin mutum ne zai fito, kuma a hannun wa ya yi waɗannan shekaru.

Alƙali ya gan shi na 'yan sa'o'i. Ɗan sandan da ya kama shi tuni ya manta kamanninsa. Wanda ke buɗe masa ƙofa da safe, ya ƙirga shi da yamma, ya lura da ranar da ya ƙi cin abinci, ya san lokacin da 'yan'uwansa suka daina zuwa ziyara, shi ne gandiroba. Kwana dubu da ɗoriya suna tare. Babu wani ma'aikacin hukuma da ke zama da mai laifi tsawon haka.

In gandiroban nan azzalumi ne, fursuna zai ƙara tabbatar da cewa mai ƙarfi shi ke da gaskiya, darasin da dama shi ya kawo shi wurin. In mai karɓar cin hanci ne, zai koyi cewa doka ma ana sayenta. In kuwa mutum ne tsayayye, wanda in ya ce a'a to a'a ce, in ya ce zan duba maka maganarka to zai duba, mai yiwuwa shi ne mutum na farko a rayuwar wannan fursuna da ya nuna masa cewa iko da mutunci suna iya haɗuwa a jikin mutum ɗaya.

Wannan kujerar ce muke cewa a bar wa wanda ya rasa abin yi.

"Ai gadi ne kawai"

Na taɓa raka wani maƙwabcina ziyarar ƙaninsa a wani gidan yari. Muna zaune a ɗakin ganawa, akwai wani fursuna can gefe da matarsa. Ban ji abin da ta gaya masa ba, sai dai na ga ya miƙe zumbur, ya yi fatali da benci, jikinsa na tsuma, yana ta ihu. Wani matashin ma'aikaci ya zaburo da kulki. Sai wani dattijon gandiroba ya ɗaga masa hannu kawai, ya taka a hankali ya je ya tsaya a gefen mutumin, bai tare masa gaba ba. Ya kira sunansa, ya ce, "Zo mu ɗan fita ka sha iska, za ka dawo ku ƙarasa." Sau biyu ya faɗa, murya ƙasa-ƙasa. Mutumin ya bi shi. Bayan kamar minti goma suka dawo, idanunsa jawur, ya ɗaga bencin da kansa ya zauna, suka ci gaba da magana.

Ba a doki kowa ba. Matar ba ta koma gida tana tuna yadda aka ja mijinta a ƙasa ba. Dattijon ya san mutumin, ya san ba mafaɗaci ba ne, labari ne ya buge shi. Irin wannan sanin ba a samunsa daga saman hasumiya da bindiga a kafaɗa. Masana harkar gidan yari sun daɗe da gane cewa katanga da kwaɗo da kyamara ɓangare ne kawai na tsaro. Sauran yana cikin sanin mutanen da kake tsarewa: wa ya sauya fuska kwana biyun nan, wa ake matsa wa a ɗaki, wane sashe ne ya yi shirun da ba a saba ji ba. Tarzoma da yawa da ba su faru ba, wani ma'aikaci ne ya shaƙi ƙaurinsu tun da wuri, kuma ba wanda zai taɓa ba shi lambar yabo a kan abin da bai faru ba.

A watan Disamba na 2015 Babban Zauren Majalisar Ɗinkin Duniya ya amince da sabunta ƙa'idojin kula da fursunoni, waɗanda asalinsu tun 1955 ne, aka sa musu sunan Nelson Mandela, wanda ya yi shekara 27 a ɗaure. Ƙa'idoji 122 ne, kuma akwai waɗanda kacokan kan ma'aikata suke magana. Ta 74 ta ce a tsaya a zaɓi ma'aikata da kyau, domin tafiyar gidan yari ta rataya ne kan amanarsu da tausayinsu da ƙwarewarsu. Ta kira aikin hidima mai matuƙar muhimmanci ga al'umma, ta ce a ba su albashin da zai jawo mutanen kirki ya kuma riƙe su. Ta 78 ta nemi a samu likitocin ƙwaƙwalwa, da masana halayya, da ma'aikatan jin daɗin jama'a, da malaman makaranta, da masu koyar da sana'a. Ta 81 ta ce mata fursunoni mata ne za su kula da su. Ta 82 kuwa cewa ta yi ma'aikacin da ke cuɗanya da fursunoni kai tsaye kada ya riƙe makami sai da dalili na musamman.

Ka ga ke nan a bayan katangar nan akwai gurbin malamin lissafi, akwai na nas, akwai na kafinta da tela da mai gyaran wuta, akwai na mai ba masu shaye-shaye shawara, akwai na mace mai ilimi da za ta kula da fursunar da ta shigo da ciki ko da goyo. Matasa da yawa ba su ma san waɗannan guraben suna nan ba, domin ba wanda ya taɓa ambata musu a makaranta.

"Hali zanen dutse"

Wannan ita ce hujja mafi nauyi, kuma ban raina masu kawo ta ba. Suna cewa mai hali ba ya fasa halinsa, duk kuɗin da aka kashe wajen gyara asara ce, wanda ya ɗauki aikin kuma yana zuba ruwa ne a kwando.

Har masana sun taɓa yanke irin wannan ƙauna. A 1974 wani masanin zamantakewa ɗan Amurka, Robert Martinson, ya fitar da sharhi kan bincike 231 da aka yi game da shirye-shiryen gyaran hali, ya ce in ban da 'yan kaɗan, ba su rage komawa ga laifi ba. 'Yan siyasa suka cafe maganar, "babu abin da ke aiki" ya zama take, aka riƙa kafa hujja da shi ana tsawaita ɗauri. A 1979 shi Martinson da kansa ya fito ya janye wani ɓangare na maganarsa, ya ce akwai shirye-shiryen da ke aiki, ya danganta da yadda aka gudanar da su. Amma janyewar ba ta yi amon da maganar farko ta yi ba.

Wajajen 1990 wasu masana a Kanada, Don Andrews da James Bonta da abokan aikinsu, suka nuna inda gizo ke saƙa. Gyara yana yin tasiri in an fi mai da hankali kan wanda ya fi hatsarin komawa, in an taɓa ainihin abin da ke kai shi ga laifi, kamar shaye-shaye da miyagun abokai da zaman banza da yadda yake ba kansa uzuri, in kuma an koyar da shi ta hanyar da zai iya ɗauka. Sun kuma nuna abin da kakanninmu suka riga suka faɗa, cewa zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai: ka ɗauki mai ƙaramin laifi ka cusa shi cikin riƙaƙƙu, kana iya fito da shi ya fi yadda ya shiga lalacewa.

A 2013 cibiyar bincike ta RAND a Amurka ta tattara nazarce-nazarcen shekaru masu yawa kan karatu a gidan yari, ta gano cewa komawar waɗanda suka yi karatu a ciki ta yi ƙasa da ta waɗanda ba su yi ba da kimanin maki 13 cikin 100. Wani zai ce 13 ɗin me? Ka tambayi wanda aka taɓa fasa wa gida da dare. Kowane ɗaya cikin 13 ɗin nan wani gida ne da aka kwana lafiya.

Akwai waɗanda ba za su gyaru ba, na yarda. Akwai wanda sakinsa ganganci ne. Amma bambance shi da yaron da talauci da ƙwaya da mugun aboki suka tura, wa zai yi? Wannan ma aikin ƙwararre ne, kuma kuskure a cikinsa ta kowane ɓangare rai yake ci.

Ɗaurin talala ba sakin banza ba ne

Kalmar talala ta dace da wannan hukunci ƙwarai. Doguwar igiya ce, dabba tana kiwo tana walwala, amma ba ta tafi ba. Sai dai igiya ba ta da amfani in babu wanda ke riƙe da bakinta. Mai riƙe da bakin shi ne jami'in sa ido, kuma aikinsa ne mutane suka fi jahilta a duk wannan fage.

Asalin aikin ma ba daga wani babban masani ya fito ba. A 1841, a birnin Boston na Amurka, wani mai ɗinkin takalma, John Augustus, yana zaune a kotu aka kawo wani mashayi za a tura shi kurkuku. Ya roƙi alƙali ya ba shi belinsa, ya tafi da shi, ya sa masa ido. Bayan mako uku ya dawo da shi kotu a natse, ya bar giya, alƙali ya ci shi 'yar tara ya sallame shi. Daga nan Augustus bai daina ba har rasuwarsa a 1859, ya yi belin mutum kusan 2,000, maza da mata da yara. Yakan bincika tarihin mutum kafin ya tsaya masa, ya nema masa aiki ko makaranta, ya rubuta yadda yake tafiya, ya kai wa kotu rahoto. A 1878 jihar Massachusetts ta mai da abin doka. Ingila ta yi tata dokar a 1907, inda ta ce aikin jami'in shi ne ya ba mai laifi shawara, ya taimake shi, ya zame masa aboki.

Abin da mai takalman nan ya yi shi ne ƙashin bayan aikin har yau. Jami'i ya rubuta wa alƙali rahoto kafin hukunci: wane ne wannan mutumin, ina yake kwana, wa ke ci a ƙarƙashinsa, me ya kai shi. In an ba shi talala, ko an sako shi daga kurkuku bisa sharaɗi, jami'in ya riƙa ganinsa a kai a kai, ya je gidansa, ya tabbatar yana zuwa wurin aiki ko wurin magani, bai kusanci wanda aka hana shi kusanta ba. In ya karya sharaɗi, jami'in ne zai mai da shi gaban kotu. Hannu ɗaya yana tallafe, ɗayan yana riƙe da igiya. Ban san aikin da ya fi wannan buƙatar hankali da sanin mutane ba.

Kuma lokacin da aka fi buƙatarsa shi ne lokacin da kowa ke ganin an gama. Ranar fita ranar murna ce a idon mai kallo. Amma ka duba mutumin da kyau a bakin ƙofa, da 'yar ledar kayansa a hannu. Ɗakin da yake haya an ba wani. Aikinsa ya tafi. Wataƙila matar ta tafi. Duk inda ya nemi aiki za a tambaye shi ina ya shiga shekarun nan. Mutanen da za su karɓe shi hannu bibbiyu ba tare da tambaya ba su ne tsofaffin abokan da suka kai shi ciki. Wani bincike da aka buga a 2007 kan mutanen da aka sako a jihar Washington ta Amurka ya gano cewa a mako biyun farko bayan fita, hatsarin mutuwarsu ya ninka na sauran jama'a fiye da sau 12, kuma babban sanadi shi ne shan ƙwaya fiye da kima, domin jiki ya manta adadin da ya saba ɗauka. Mako biyu kacal. In akwai wanda ya shirya masa wurin kwana tun kafin ya fito, ya haɗa shi da asibiti, ya kira shi a kwana na biyu ya ji lafiyarsa, labarin yana iya sauyawa.

Japan ta fahimci wannan ta wata hanya da ke burge ni. Bayan jami'an gwamnati, tana da 'yan sa kai fiye da 40,000 da ake kira hogoshi, bisa wata doka ta 1950. Mutanen unguwa ne masu mutunci, yawancinsu dattawa, ba a biyansu albashi. Sukan karɓi wanda aka sako, sau da yawa a cikin gidajensu, su zauna su saurare shi, su taya shi neman aiki, su kai rahoto. Ƙasar da ta mai da zama da tsohon fursuna abin girmamawa ga dattijo, ba za ta yi wa matashin da ya ɗauki aikin jaje ba.

Ingila kuwa ta nuna abin da ke faruwa in aka ɗauki aikin da wasa. A 2014 ta raba hukumar sa idonta, ta miƙa kula da masu laifin da hatsarinsu ƙarami ne ko matsakaici ga kamfanoni 21 na 'yan kwangila. Masu binciken gwamnati da kansu suka riƙa fitar da rahoton cewa ana sa ido kan wasu ta wayar tarho kawai. A watan Yuni na 2021 aka dawo da aikin gaba ɗaya hannun gwamnati, bayan ƙwararrun ma'aikata da yawa sun riga sun bar shi.

Waɗanda aka zalunta fa?

Akwai wanda zai karanta wannan ransa ya ɓaci, domin an kashe masa ɗan'uwa, ko an yi wa 'yarsa fyaɗe, ko an raba shi da jarinsa. Zai ce ana ta maganar makarantar fursuna da lafiyar fursuna, ni wa ya tambaye ni yadda na kwana? Yana da gaskiya, kuma hukumomi da yawa sun gaza a kansa. Haƙƙinsa ne a hukunta wanda ya cuce shi, a biya shi diyya, a sanar da shi kafin a saki mutumin.

Abin da zan ce masa da ladabi shi ne, hukuncin da alƙali ya yanke shi ne raba mai laifi da 'yancinsa. Duka da yunwa da wulaƙanci ba sa cikin takardar hukunci, kuma ba sa mayar wa kowa abin da ya rasa. Abin da suke yi shi ne su fito mana da mutum mai cike da ƙiyayya, wanda zai samar da wani sabon wanda aka zalunta. Ma'aikacin gyaran hali yana yi wa wannan mutum na gaba aiki ne, wanda bai san ana yi masa ba.

Wahalar aikin, ba ɓoye-ɓoye

Hawayen yayata ba na banza ba ne. Aikin yana da hatsari. Ana kai wa gandirobobi hari, ana yi wa iyalansu barazana. A 2024 an kashe wani hogoshi a gidansa a birnin Otsu na Japan, aka kama mutumin da yake sa wa ido. Akwai aikin dare, akwai ranakun hutu da ba ka gida. Akwai ɗakin da aka gina don mutum goma aka zuba hamsin, ga zafi ga cuta, kuma iskar da suke shaƙa ita kake shaƙa. Akwai safiyar da za ka buɗe ƙofa ka tarar wani ya rataye kansa, ka kuma dawo aiki washegari kamar ba abin da ya faru.

Akwai jarrabawar kuɗi. Wayar salula da ƙwaya ba su da ƙafa, wani ne ke shigar da su, kuma wani lokaci ma'aikaci ne. Abin yakan fara da ƙarami: kai mini wannan saƙon, ga ɗan abin da za ka sa a aljihu. Ranar da ka karɓa, makullin ya koma hannun fursuna, domin yanzu yana da abin da zai tona.

Abin da ya fi ba ni tsoro kuwa shi ne bushewar zuciya. Mutum ya shiga da niyyar kirki, a yaudare shi sau ɗaya, sau biyu, sau goma, tsofaffin ma'aikata su ce masa ai mun gaya maka, sai ya wayi gari ba ya ganin mutane, lambobi kawai yake gani. Wasu har gida suke kai wannan fuskar.

Amma duk wannan hujja ce ta a gyara aikin, a kuma zaɓi masu ƙarfin hali su yi shi. Aikin asibiti ma akwai cuta da gawa da aikin dare, ba mu taɓa cewa a bar shi ga wanda ya rasa abin yi ba. Kuma bushewar zuciya ba dole ba ce. Christo Brand yana saurayi ɗan ƙasa da shekara 20 aka tura shi tsibirin Robben a 1978, a ƙarƙashin mulkin wariyar launin fata, aka gaya masa zai tsare mafiya hatsarin mutane a Afirka ta Kudu. Cikinsu akwai Mandela. Ya yi aikinsa na tsaro, amma bai yarda tsarin ya kashe masa ido ba, suka zama aminai har rasuwar Mandela a 2013. In an samu haka a wancan wuri, ana iya samu a ko'ina.

A Norwe, kafin mutum ya zama cikakken gandiroba sai ya yi shekara biyu yana karatu a kwalejin hukumar gidajen yari, ana biyansa albashi. Yana karanta shari'a da ɗa'a da halayyar ɗan Adam da dabarun kwantar da rikici, bayan horon tsaro. Kowane fursuna yana da jami'in da aka ɗora wa alhakin bin lamarinsa har ya fita. Ana rububin shiga kwalejin. A wurare da yawa kuwa horon 'yan makonni ne ko 'yan watanni, mafi yawansa fareti. Ƙasashe da dama sun sauya suna daga gidan yari zuwa gidan gyaran hali, kamar yadda Najeriya ta yi da dokar 2019, wadda ta kuma kafa sashen hukuncin da ba na ɗauri ba. Mataki ne mai kyau. Amma sauya allon bakin ƙofa ya fi komai sauƙi. Abin da zai sa sunan ya zama gaskiya shi ne wa aka ɗauka, me aka koya masa, fursuna nawa aka ɗora masa, albashinsa yana zuwa a kan lokaci, kuma in ya ga abin tashin hankali akwai wanda zai zauna da shi ya saurare shi.

Na san za a ce Norwe mai arziki ce. Haka ne. Amma Zimbabuwe ta fara hukuncin yi wa al'umma aiki a madadin ɗauri tun 1992, Kenya ta yi dokarsa a 1998, kuma dalilinsu shi ne rashin kuɗin, domin ciyar da mutum da tsare shi dare da rana ya fi sa masa ido yana gidansa tsada nesa ba kusa ba. Mai ƙaramin laifi ya share asibiti ko ya gyara makaranta, yana kwana cikin iyalinsa, bai rasa sana'arsa ba. Ƙasar da ba ta da kuɗi ita ta fi buƙatar jami'in sa ido nagari. Dattijon da na gani a ɗakin ganawa kuwa, abin da ya yi bai ci ko sisin gwamnati ba.

Wata mai zuwa ɗan yayata zai tafi horo. Na gaya masa abu uku da nake ganin zai buƙata: kada ya karɓi ko allura daga hannun fursuna ko danginsa, kada ya yi alkawarin da ba zai cika ba, kuma ya nemi dattijo irin wancan a cikin ma'aikata ya manne masa. Na ce ya ci gaba da karatu, domin fagen yana da faɗi, daga sashen tsaro har zuwa na sa ido da na tsara manufofi.

Jiya na je wurin mahaifiyarsa. Na ce, "Yaya, tsoron da kike ji ni ma ina jinsa, kuma addu'arki yake buƙata fiye da ta kowa." Na ba ta labarin mutumin da ya yi fatali da benci, da wanda ya fita da shi shan iska. Ta daɗe ba ta ce komai ba. Da na tashi tafiya sai ta ce in gaya masa ya kawo mata takardar ta gani da idonta.